Yadda Za Ku Samu Lauyan Da Ya Dace Bayan Hatsarin Jirgin Ruwa

Wanda ya ji an haɗa Zariya da maganar hatsarin jirgin ruwa zai iya cewa ina ruwan biri da gada. Amma duk mai noma a tsallaken Galma ya san yadda kogin ke cika ya batse a watan Agusta, ya kuma san kwale-kwalen da ake jibga wa mutane da babura da buhunan taki a fito ɗaya. Ga fatakenmu masu zuwa Yawuri da Mokwa da Lakwaja sarin busasshen kifi da doya da shinkafa, ga 'yan rakiyar amarya, ga ɗalibai. Ba mu manta da jirgin da ya kife kusa da Wara a jihar Kebbi a watan Mayun 2021 ba, ko na Bagwai a madatsar ruwan Watari a ƙarshen Nuwamban shekarar, wanda akasarin mutanen cikinsa ɗaliban Islamiyya ne masu zuwa Mauludi, ko na Patigi a watan Yunin 2023 da ya ci sama da mutum 100 a hanyar dawowa daga biki.

Mu ma ruwa ya taɓa gidanmu. Ɗan kawuna yana fataucin busasshen kifi, ya shiga jirgin kasuwa a kogin Neja, sai gawarsa masunta suka tsamo washegari. Ya bar mata da 'ya'ya uku. Abin da zan faɗa a nan na koye shi ne a zirga-zirgar da muka yi ni da Kawu tsakanin ofisoshin lauyoyi, kuma da yawansa mun koye shi ne bayan lokacinsa ya wuce.

Mataki na farko: ku zauna a gida tukuna

Kafin a tunkari kowane lauya, dangi su zauna su fitar da mutum ɗaya da zai riƙa magana da yawunsu, mai natsuwa, mai iya ajiye takarda. Idan baki ya yi yawa, wannan ya je wa mai jirgi da wata magana, wancan ya je da wata, to an rusa shari'ar tun ba a fara ba.

A wannan zaman ne za a ce, “An bar wa Allah.” Mu ma mun faɗa, kuma gaskiya ne, rai na Allah ne, babu wanda zai wuce kwanansa. Sai dai a tambayi malami kafin a yafe. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta yi maganar diyyar kisan kuskure, ta ce a miƙa ta ga iyalan mamaci sai in sun yafe. Babba mai hankali yana iya yafe nasa kason. Kason maraya fa? Malamin da muka tambaya a cikin gari bai yi wata-wata ba, ya ce wa Kawu, “Alhaji, naka za ka iya bari, na yaran nan ba naka ba ne.” Wanda ya loda wa jirgin mutum hamsin mutum ɗari, ya tashi da daddare babu fitila, babu rigar kariya ko ɗaya, ya yi sakaci, kuma neman haƙƙi a wurinsa bai ci karo da tawakkali ba.

A ji ta bakin matar mamacin tun a wannan zaman, ko da ta bakin mahaifiyarta ko yayanta ne. Dalilin zai zo a gaba.

Mataki na biyu: ku tattara abin da lauya zai yi aiki da shi

Lauya ba ya ƙirƙiro hujja, abin da kuka kawo shi yake ginawa a kai. Hujjar hatsarin ruwa kuwa saurin ɓacewa gare ta. Mota in ta yi karo tana nan a bakin titi ana ganinta, jirgin katako kuwa ko dai yana ƙarƙashin ruwa, ko an jawo shi an toshe an mayar da shi aiki cikin mako guda. Waɗanda suka tsira kuma 'yan kasuwa ne daga garuruwa daban-daban, ana watsewa shi ke nan.

Saboda haka a tura mutum wurin da abin ya faru cikin kwanakin farko, ko ana zaman makoki. Ya rubuto sunan tashar da jirgin ya tashi da inda ya nufa, da rana da lokaci, da sunan mai jirgin da na matuƙin, don sau da yawa ba mutum ɗaya ba ne. Ya karɓo lambobin wayar waɗanda suka tsira da na masuntan da suka yi ceto. Ya gaida Sarkin Ruwa da shugabannin ƙungiyar masu jirage na tashar, ya tambaya ko an rubuta sunayen fasinjoji kafin a tashi. Hotuna da bidiyon da ke yawo a WhatsApp a ajiye su, a kuma nemi wanda ya ɗauka da wayarsa, domin kotu za ta so ta san asalinsu.

Sai takardu. Rahoton 'yan sanda daga ofishin da ke kula da yankin, ko na 'yan sandan ruwa in akwai su a wurin. Takardar shaidar mutuwa daga asibiti da ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Wanda ya tsira da rauni, ko ya sha ruwa har ya taɓa masa huhu, in an dawo da shi asibitin koyarwa na Shika ko na Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, a nemi rahoton likita a rubuce, a adana kowane rasit, har na kemis da na kuɗin mota. A haɗa da duk abin da ke nuna abin da mamacin yake samu: littafin cinikinsa, bayanan asusunsa na banki, rasit ɗin kuɗin makarantar yara. Da irin waɗannan ake lissafa abin da iyali suka rasa.

In gwamnati ko mai jirgi suka kawo tallafi, a karɓa a yi godiya, amma kada kowa ya sa hannu ko ya dangwala a takardar da ba a karanta masa ba. Wata takardar ta shaidar karɓar kuɗi ce kawai, wata kuwa a cikinta an rubuta cewa kun janye duk wata ƙara.

Mataki na uku: ku san irin lauyan da kuke nema

Nan ne zan daɗe, don nan ne aka fi yin asara. Duk lauyan da sunansa ke cikin kundin Kotun Ƙoli yana da damar tsayawa a kowace kotu a Najeriya, amma kowa da fannin da hannunsa ya faɗa. Wanda ya ƙware a rikicin fili ko belin waɗanda aka kama ba lallai ya taɓa riƙe shari'ar ruwa ba. Abu uku ne suka sa wannan shari'ar ta fita daban.

Na ɗaya, hurumin kotu. Sashe na 251 na Tsarin Mulkin 1999 ya keɓe wa Babbar Kotun Tarayya shari'o'in sufurin ruwa, kuma ya ambaci kogin Neja da na Binuwai da rassansu da suna. Akwai kuma dokar 1991 da ta fayyace wannan hurumin. Galma ɗinmu a kogin Kaduna yake zuba, Kaduna kuma a Neja. Ke nan ko a nan gida abin ya faru, dole lauya ya zauna ya tantance ko Babbar Kotun Jiha da ke Dogarawa za a je, ko Babbar Kotun Tarayya da ke Kaduna. In kuma a wata jihar ne, galibi can za a bi shari'ar, Minna ko Birnin Kebbi ko Lakwaja ko Ilori. Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Hukuncin kotun da ba ta da hurumi tamkar ba a yi shi ba ne. Ana iya shekara huɗu ana kai da kawowa, a ci nasara, a ɗaukaka ƙara a rushe komai a kan wannan gaɓar kaɗai.

Na biyu, wa za a kai ƙara, kuma me yake da shi. Matuƙi sau da yawa yaron gida ne, abin da ya mallaka bai wuce kayan jikinsa ba, wani lokacin ma shi ma ruwan ya ci shi. Mai jirgi ne ke ɗaukar nauyin sakacin yaronsa a bakin aiki. Jiragen katako da ke fito a kogunanmu da wuya ka samu mai inshora, amma a bincika, musamman in jirgin na kamfani ne ko na gwamnati. Sai kuma hukuma. NIWA, mai hedikwata a Lakwaja, wadda aka kafa da dokar 1997, ita ce ke kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa da rajistar jirage, kuma ƙa'idojin sufurin ruwa na 2023 sun hana lodin wuce ƙima da tafiyar dare, sun wajabta rigar kariya. Karya waɗannan ƙa'idojin hujja ce babba a kan mai jirgi. Ko akwai hanyar haɗawa da wata hukuma a cikin ƙarar, wannan aikin lauya ne ya duba.

Na uku, lokaci, kuma shi ne ya ci mu. Kowace irin ƙara tana da wa'adin da in ya wuce kotu ba za ta saurare ta ba, komai gaskiyar mai ita. Mafi gajarta shi ne na dokar kare jami'an gwamnati, wadda ta ba mai ƙarar jami'i ko hukumar gwamnati wata uku kacal. Wasu hukumomin kuma dokarsu ta ce sai an aika musu da takardar sanarwa an jira kafin a shigar da ƙara. Ku lissafa da kanku: takaba wata huɗu ce da kwana goma. Matar ɗan kawuna ta yi shiru har ta fita takaba, kamar yadda kowace mace mai kunya za ta yi, mu kuma muka ce a bari ta fita tukuna. Ranar da ta buɗe baki ta ce, “Baba, yaran nan fa?” wata ukun nan ya riga ya wuce. Shi ya sa na ce a ji ta bakinta tun farko. Tana cikin ɗakinta wakili zai iya zuwa wurin lauya, in ana bukatar sa hannunta a kawo mata takardar har gida.

Mataki na huɗu: inda za ku nema

Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko kaifin takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Masu cin kasuwa da wannan suna nan. Ranar addu'ar uku wani mutum da ba mu sani ba ya zauna a tabarmarmu, ya yi gaisuwa kamar kowa, da aka rage sai ya matso ya ce ya san wani barista da ba ya faɗuwa shari'a, a ba shi kuɗin buɗe fayil ya kai. Ƙa'idojin aikin lauya sun hana farautar masu ƙara ta hannun 'yan kamasho. Lauyan da ya aiko ɗan aike gidan makoki ya riga ya nuna muku halinsa.

Hanya mai kyau ita ce ku tambayi wanda ya taɓa yin shari'ar diyya, ko ta hatsarin mota ce, ya gaya muku yadda lauyansa ya riƙe shi. Ku je sakatariyar Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya, NBA, reshen Zariya, ku ce kuna neman wanda ya saba da ƙarar diyya kuma yake zuwa Babbar Kotun Tarayya. In akwai lauya a dangi ko a unguwa, ko fanninsa daban ne, ku roƙe shi ya haɗa ku da wanda ya dace, don su suka san junansu.

Wanda ba shi da hali kada ya ce shi ke nan. Hukumar Ba Da Agajin Shari'a ta ƙasa tana da ofis a Kaduna, kuma dokarta ta 2011 ta haɗa da ƙarar diyyar hatsari ga wanda abin da yake samu bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wato naira 70,000 a wata tun 2024. A Kongo kuma, a tsangayar shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello, akwai cibiyar da ɗalibai ke ba da shawarar shari'a kyauta ƙarƙashin kulawar malamansu. Mata da yara suna iya tuntuɓar ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA.

Ku ga lauya biyu ko uku kafin ku tsayar da ɗaya.

Mataki na biyar: ku tabbatar lauya ne

Baƙar kwat da farar riga ba su ne lauya ba. Lauya na gaskiya yana da lambar rajista ta Kotun Ƙoli, yana biyan kuɗin izinin aiki duk shekara, yana kuma da hatimin NBA mai ɗauke da sunansa da lambarsa, wanda yake mannawa a takardun da ya sa wa hannu. Ku tambayi lambar da shekarar da aka rantsar da shi, ku tabbatar a sakatariyar reshen. Na ƙwarai ba zai ji haushi ba. Ku kuma je ofishinsa da ƙafarku. Wanda kullum sai dai ku haɗu a gindin bishiyar harabar kotu ko a cikin mota, ranar da kuka neme shi kuka rasa ba ku da ƙofar da za ku ƙwanƙwasa.

Mataki na shida: zaman farko

Lauyan da muka tsaya a kansa yana wani bene ne a Sabon Gari, ofis ɗan ƙarami, fayil-fayil ɗaure da zare har saman kabad. Kawu ya fara ba da labari tun daga ranar da marigayin ya fara fatauci. Lauyan ya bar shi ya kai aya, sannan ya jawo takarda ya ce, “Baba, Allah ya jiƙansa. A wane ruwa ne? Ran nawa ga wata? Jirgin na wane ne?” Da ya ji ranar sai ya ƙirga da yatsunsa, ya ajiye biro, ya gaya mana ƙofar da ta rufe da wadda ta rage. Kawu ya ce, “To Barista, za mu ci?” Ya ce, “Baba, shari'a mace ce mai ciki. Abin da zan iya gaya muku shi ne hujjarku a kan mai jirgin tana da ƙarfi, amma sai mun san abin da ya mallaka, kada ku kashe abin da ya fi wanda za ku samu.”

Wanda muka gani kafin shi, tun ba mu gama zama ba ya ambaci miliyoyin da zai karɓo mana. Bai tambayi rana ba.

Ku ma ku yi naku tambayoyin, kada kwarjinin ofis ya hana ku. Ya taɓa yin shari'ar hatsarin ruwa, ko aƙalla ta diyyar rai? Wace kotu zai je, kuma don me? Wace rana ce wa'adin ƙararku zai cika? Ku sa ya rubuta muku ita. Shi zai riƙa tsayawa da kansa ko yaransa zai tura? In shari'ar a Minna ce, zai riƙa zuwa ne ko zai haɗa kai da wani lauyan a can? Sunan wa za a sa a matsayin mai ƙara, kuma ana bukatar takardar izinin kula da dukiyar mamaci? Yara ƙanana ba sa ƙara da kansu, sai ta hannun babba, to wa zai tsaya musu? Ya yi muku bayani da Hausar da mai takaba za ta gane in an maimaita mata.

In ba a ga gawa ba, ku faɗa masa tun a zaman farko. Dokar shaida ta 2011 tana ɗaukar mutum a matsayin matacce in an shekara bakwai ba a ji ɗuriyarsa ba, amma shaidar waɗanda suka gan shi a cikin jirgin tana iya sa kotu ta gamsu ba sai an jira haka ba. Maganar idda da rabon gado a irin wannan hali kuma ta alƙalin kotun Shari'a ce.

Ku kuma bambance shari'a biyu. In 'yan sanda sun gurfanar da matuƙi ko mai jirgi, wannan shari'ar gwamnati ce, lauyanku zai iya zama ya sa ido a madadinku, har ya ja hankalin mai gabatar da ƙara ya roƙi kotu ta ba da umarnin biyan diyya. Amma kada ku zauna jiran ta ƙare, wa'adin taku ƙarar yana tafiya.

Mataki na bakwai: maganar kuɗi

Tun ran gini ran zane. Kada kunya ta sa ku tashi ba ku ji farashi ba. Akwai kuɗin ganawa, da kuɗin aikin lauya, da kuɗin shigar da ƙara wanda kotu ke karɓa ta ba da rasit, da kuɗin zuwa kotu duk ranar zama. Wannan na ƙarshen shi ne ke cinye mutane in shari'ar tana nesa, don ko an ɗage zama an riga an ƙona mai an kwana a masauki.

Ƙa'idojin aikin lauya sun yarda a yi yarjejeniyar cewa sai an samu diyya lauya zai ɗauki wani kaso, in dai ƙarar ba ta laifi ba ce kuma kason bai wuce hankali ba. Ga iyalin da suka rasa mai ciyar da su wannan sauƙi ne. Sai dai a fayyace: kaso nawa cikin ɗari, kafin a cire ɗawainiya ko bayan an cire, wa zai ɗauki ɗawainiyar in ba a samu komai ba, kuma in an yi sulhu da wuri kason yana nan yadda yake ko zai ragu. Duk a rubuta, kowa ya sa hannu, ku riƙe kwafinku. Kowane kuɗi kuka bayar ku karɓi rasit, in ta banki ne ya fi.

Mataki na takwas: bayan kun ɗauke shi

Ku ba shi kwafin takardu, na asali su zauna a hannunku sai ranar da kotu ta nema. Ku karɓi lambar ƙarar da sunan kotun, wakilinku ya riƙa halartar zama in da hali. Ku riƙa kiran shaidunku kuna gaisawa, don lambar waya tana mutuwa, mutum yana ƙaura. In lauya ya daina ɗaukar waya, ko kuɗinku ya shiga hannunsa ya maƙale, kuna da ikon sauya shi ku karɓi fayil ɗinku bayan kun daidaita abin da yake binku, kuna kuma iya kai kuka reshen NBA, daga nan har kwamitin ladabtar da lauyoyi.

Da yawan irin wannan maganar a sulhu take ƙarewa, kuma lauyan kirki ba ya gudun sulhu. Tamu ma haka ta ƙare. An zauna a gaban Sarkin Ruwa da shugabannin ƙungiyar masu jirage, mai jirgin ya amsa zai biya kashi-kashi, kaso mafi girma bayan kaka. Barista ya dage sai an rubuta adadi da ranakun biya da sunayen waɗanda suka tsaya masa, aka kai takardar kotu ta zama hukunci, yadda in ya saɓa ba sai an sake sabuwar shari'a ba. Kuɗin da ya fara shigowa ba mu taɓa shi ba, muka ɗauka muka kai kotun Shari'a a nan Zariya, alƙali ya fitar wa matar tumuninta, ya fitar wa Kawu da mahaifiyar marigayin sudusi-sudusi, sauran aka buɗe wa yaran asusu da sunayensu.